Daga Farar Wuta Zuwa Allura: Tarihin Ƙazuwar Kare da Sunayenta a Garin Gombe

1.0 Gabatarwa

A cikin dabbobin da Bahaushe yake zaune tare da su, babu wanda ake cin moriyarsa kuma a ƙyamace shi kamar kare. Shi ne mai gadin gida da gona, shi ne abokin tafiyar maharbi, amma kuma da sunansa ake zagi. Wannan matsayi ya sa cututtukansa ba su sami irin kulawar da cututtukan shanu da dawaki suka samu ba, ko a wajen masu magani, ko a wajen manazarta harshe. Daga cikin cututtukan nan kuwa, wadda ta fi fitowa fili ita ce ta fata, inda za a ga kare yana susa dare da rana, gashinsa yana zubewa, fatarsa ta yi kauri ta tsattsage.

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka fahimci wannan cuta da yadda aka yi maganinta a garin Gombe, ta hanyar duba kalmomin da ake kiranta da su. Abin da ake son nunawa shi ne, magungunan cutar sun sauya har sau uku a cikin ƙarni ɗaya da 'yan kai, alhali sunayenta suna nan inda suke, kuma giɓin da ya shiga tsakanin suna da magani yana jawo asarar dabbobi tare da cutar da mutanen da ke zaune da su.

2.0 Gombe da Karnukanta

Modibbo Buba Yero, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa masarautar Gombe a farkon ƙarni na 19, da hedkwata a Gombe Abba kusa da kogin Gongola. Turawan Ingila sun shigo ƙasar a 1902, aka yi yaƙin Burmi a 1903. Daga baya aka mayar da hedkwatar Nafaɗa a 1913, sannan a 1919 aka dawo da ita Doma, wato garin Gombe na yanzu. Noman auduga da gyaɗa ne ya raya sabon garin. An kafa injin gurzar auduga a 1956, jirgin ƙasa ya iso a 1963, 'yan kasuwa da 'yan ƙodago suka yi ta kwarara, har Hausa ta zama harshen da Fulani da Bolawa da Terawa da Tangale da Barebari suke haɗuwa a kansa a kasuwa. A ranar 1 ga Oktoba 1996 garin ya zama babban birnin jiha, kuma ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Gombe tana da mutane fiye da 260,000.

Matsayin kare a wannan al'umma yana da tushe a fiƙihun Malikiyya. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya taƙaita ajiye kare ga gadin shuka da rakiyar dabbobi da farauta. Duk da haka, mazhabar ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, kuma hadisin mutumin da aka gafarta masa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne. Saboda haka shari'a ba ta hana mai kare taɓa dabbarsa domin yi mata magani ba. Al'ada ce ta sa nisantar ta yi tsanani.

Ana iya kasa karnukan wannan yanki gida uku. Akwai karen farauta, wanda ake fita da shi daji da rani bayan an kawar da amfanin gona, kuma shi ne ya fi samun kulawa, domin da lafiyarsa ubangidansa yake cin nama. Akwai karen ƙauye da na mashekari, mai gadin gona ko garke. Akwai kuma karen gari, wanda yake da ubangida da suna kawai, abincinsa a bola da mahauta. Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci ga tarihin cutar. Makiyayi yana tashi ya bar mashekari da ƙwarin da suka taru a cikinsa, amma katangar gari ba ta tashi. Yayin da unguwanni irin su Jekadafari da Bolari da Tudun Wada da Herwagana da Pantami suka cika suka haɗe, sai karnuka suka riƙa cuɗanya a juji ɗaya da makwanci ɗaya, wanda shi ne yanayin da cututtukan fata suka fi samun damar yaɗuwa.

3.0 Sunayen Cutar a Hausa

Kalmar farko ita ce ƙaiƙayi, wadda take da ma'ana biyu: abin da ake ji a fata mai sa susa, da kuma dusar da iska ke kwashewa idan ana sheƙar hatsi, kamar yadda ya zo a karin maganar nan, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Duk wanda ƙaiƙayin gero ya taɓa zuba masa a wuya ya san abin da ya haɗa ma'anonin biyu. Ƙaiƙayi dai alama ce, ba cuta ba.

Sauran kalmomin sun kasu kashi biyu. Kashi na farko sunayen ƙwari ne waɗanda ido yake gani: ƙuma da kaska da kwarkwata. A nan harshe ya ambaci sanadin kai tsaye, har ma ya lura da ɗabi'arsa, shi ya sa ake yi wa kaska kirari da raɓi mai jini. Kashi na biyu sunayen kamannin fata ne: ƙazuwa, wadda ake ji a karuruwan harshe daban-daban a matsayin ƙazwa ko ƙaswa ko ƙarzuwa, da kirci, wanda aka fi dangantawa da shanu, da makero mai fitowa da'ira-da'ira, da borin jini, wato kumburi da ƙaiƙayin da ke tasowa farat ɗaya. A wannan kashi ba a ambaci sanadi ba, domin ido ba ya ganinsa. Sai aka cike gurbin da bayanai irin su dauɗa, ko zafi, ko ɓacin jini, ko wani abu da dabbar ta ci. Haka abin yake a Fulfulde, inda kalmar nyaanyaare ta fito daga aikatau mai ma'anar susa.

Ƙamusoshin da aka dogara da su a nazarin Hausa, irin na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, an tattara su ne a lokacin da maganin wannan cuta bai wuce abin da ke cikin gida da kasuwar ƙauye ba. A wancan zamani suna ɗaya ya wadatar, domin kusan magani ɗaya ne ake shafawa ko mene ne sanadin. Idan aka ga kare ya kwaile yana susa, sai a ce ƙazuwa ce, magana ta ƙare.

4.0 Abin da Ke Ƙarƙashin Sunan

Gano ainihin mai haddasa ƙazuwa ya ɗauki ƙarnuka. Likitan Andalus, Ibn Zuhur, wanda ya rasu a 1162, ya yi bayanin wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ke zama a ƙarƙashin fata. A 1687 wasu Italiyawa biyu, Bonomo da Cestoni, suka duba ƙwaron da madubi mai ƙara girman abu, suka ce shi ne sanadin cutar, amma likitocin Turai ba su gamsu ba sai a 1834, lokacin da wani ɗalibi mai suna Renucci ya ciro shi da tsinin allura a gaban malamansa a Faris, dabarar da ya koya daga matan tsibirin Kosika.

A yau an san cewa abin da ake kira ƙazuwar kare ya ƙunshi aƙalla cututtuka biyar:

(a) Ƙwaron da masana ke kira Sarcoptes scabiei, wanda bai kai rabin milimita ba. Macen tana haƙa rami a cikin fata ta saka ƙwai, kuma daga ƙwai zuwa balaga makonni biyu ne zuwa uku. Yana fara kama gefen kunnuwa da gwiwoyin ƙafafu da ciki, ƙaiƙayinsa ya fi na kowa tsanani, kuma yana yaɗuwa daga kare zuwa kare. Yakan hau mutum ya fesa masa ƙuraje a hannu da ƙirji, ko da yake ba ya daɗewa a jikin ɗan Adam idan an warkar da karen.

(b) Ƙwaron Demodex canis, wanda Leydig ya siffanta a 1859. Yana zaune a saiwar gashi, kuma kwikwiyo yana samunsa daga uwarsa a kwanakin farko na shan nono. Ba ya zama cuta sai garkuwar jiki ta yi rauni saboda ƙuruciya ko yunwa ko tsutsar ciki ko wata rashin lafiya. Gashi yana zubewa a fuska da ƙafafu, ƙaiƙayinsa kaɗan ne in ba gyambo ya shiga ba, kuma ba ya kama mutum.

(c) Ƙuma, wanda yawunsa yake tayar wa wasu karnuka borin jini, musamman a gadon baya da gindin wutsiya. Ƙwansa da tsutsarsa ba a jikin kare suke girma ba, a cikin ƙasa da tsummokaran makwanci suke. Akwai kuma ƙuman kaji mai maƙalewa a kunnen karen da yake kwana kusa da akurki.

(d) Kaskar kare mai ruwan ƙasa, wadda take ɓuya a tsagar katanga, mace ɗaya ta saka ƙwai dubbai. Ban da ƙaiƙayi, tana sa wa kare cututtukan jini masu kawo zazzaɓi da rama.

(e) Makero, wanda ba ƙwaro ba ne sam, dangin fumfuna ne, kuma yara suna ɗaukarsa daga kwikwiyo da kyanwa.

Yanayin Gombe yana taimaka wa kowanne a lokacinsa. Damina, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, tana raya ƙuma da kaska, hunturu kuwa yana busar da fata ya sa karnuka su cunkushe wuri ɗaya domin jin ɗumi.

5.0 Zamunan Magani Uku

5.1 Zamanin Farar Wuta

Kafin zuwan Turawa, maganin ƙazuwar mutum da ta dabba ɗaya ne. Ana wanke wurin da sabulun salo ko ruwan toka, a kankare ɓawon, sannan a shafa mai: man shanu, ko man kaɗanya, ko man 'ya'yan maɗaci. Mai hali yakan niƙa farar wuta ya kwaɓa da man. Farar wuta kayan fatake ce, maharba kuma sun san ta domin da ita ake haɗa albarushi, saboda haka ba abin mamaki ba ne karen farauta ya fi sauran samun ta. Ana kuma amfani da ruwan ganyen taba wajen kashe kwarkwata da ƙuma, kaska kuwa a cire ta da hannu a jefa a wuta. Dalziel, a littattafansa na 1916 da 1937, ya tattara sunayen tsirran ƙasar Hausa da amfaninsu, ciki har da waɗanda ake yi wa fata magani da su.

Binciken zamani ya tabbatar da cewa farar wuta tana kashe ƙwaron ƙazuwa, tana kuma rage makero, har yau ma likitocin dabbobi a ƙasashe da dama suna wanke karnuka da ruwan da aka haɗa da ita. Ke nan magabata sun dace da magani mai faɗin aiki kuma mai sauƙin illa, wanda ya yi daidai da suna mai faɗin ma'ana.

5.2 Zamanin Turawa

An kafa sashen kula da lafiyar dabbobi a Zariya a 1914, aka mayar da cibiyar bincikensa Vom a 1924. Hankalin wannan sashe yana kan shanu ne, saboda annobar bushiya da ta yi wa garkunan Fulani kaca-kaca a wajen 1890, da kuma kuɗin jangali da baitulmalin En'e ya dogara da su. Cutar fata ba ta dami hukuma ba sai idan ta ɓata fata da ƙirgin da ake fitarwa ƙasashen waje. Fatar kare kuwa ba ta cikin wannan ciniki. Kare ya shiga takardun gwamnati ne ta ƙofar ciwon hauka, kuma dokar karnuka ta 1942 ta tsaya ne kan lasisi da tsarewa da kashe waɗanda ba su da ubangida. Ƙazuwa aka bar wa mai kare.

Amma zamanin ya kawo sababbin kayayyaki waɗanda jama'a suka mayar magani da kansu. Bishiyar da ake kira dogon yaro ko darbejiya ko maina ko bedi, asalinta daga Indiya ne, kuma an fara dasa ta a lardin Borno a 1928 kafin ta bazu a titunan garuruwan Arewa. Ruwan ganyenta, wanda yau ake lissafa shi cikin maganin gargajiya, bai daɗe a ƙasar nan kamar farar wuta da man kaɗanya ba. Motocin ɗaukar auduga kuwa sun kawo baƙin mai, fitilar ƙwai ta kawo kalanzir. Tun da an saba cewa maganin ƙazuwa mai ne, sai baƙin mai ya gaji man kaɗanya, ga shi kuma kyauta ake samunsa a gareji. Illar ita ce kare yana lasar jikinsa, don haka gubar da ke cikin man tana shiga cikinsa, kalanzir kuma yana ƙone fata.

5.3 Zamanin Feshi da Allura

Bayan yaƙin duniya na biyu aka sami magungunan kashe ƙwari masu ƙarfi, suka shigo ƙasar noma irin Gombe ta hanyar feshin auduga da adana wake. Hausa ta karɓi sunayensu nan da nan: gamalin, daga baya kuma fiya-fiya. Waɗannan ba a yi su domin jikin dabba ba a yadda ake sayar da su, amma suna kashe ƙwari a gaban ido, sai aka riƙa diga su a ruwa ana wanke kare. Kuskuren awo kaɗan yana sa dalalar miyau da karkarwa da farfaɗiya, wani lokaci mutuwa, kuma haɗarin yana kan yaron da aka sa wankan. Sinadarin lindan da ke cikin gamalin an sa shi cikin jerin gubobin da yarjejeniyar Stockholm ta hana a 2009.

A ɗaya ɓangaren, an fara horar da likitocin dabbobi a jami'o'in Ibadan da Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1960, daga baya Maiduguri ta biyo. A 1981 aka fito da maganin ibamektin, wanda Satoshi Omura na Japan da William Campbell suka sami kyautar Nobel a kansa a 2015. Shi ne kuma aka fara rabawa kyauta da sunan Mectizan daga 1987 domin yaƙi da makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa. Wannan magani yana kashe ƙwaron ƙazuwa ta cikin jini. Sai dai isowarsa ta zo daidai da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da tallafin gwamnati ya ja baya, magungunan dabbobi suka koma hannun 'yan tireda a kasuwannin shanu. Daga 2013 zuwa 2014 kuma aka fito da ƙwayoyin taunawa masu kashe ƙuma da kaska da ƙwarin ƙazuwa duka biyu na tsawon wata ɗaya zuwa uku, amma tsadarsu ta sa sun fi isa ga masu karnukan ƙasashen waje, waɗanda suka ƙaru bayan garin ya zama babban birnin jiha.

6.0 Giɓin da Ke Tsakanin Suna da Magani

Bambancin maganin zamani da farar wuta shi ne kowanne yana da abin da yake kashewa da abin da ba ya taɓawa. Ibamektin ba ya maganin makero, ba ya kawar da ƙuma, kuma yana iya kashe wasu jinsunan karnukan Turai da ƙananan 'yan kwikwiyo idan ba a auna shi da nauyin dabbar ba. Ba ya kashe ƙwan ƙwaro, saboda haka dole a maimaita shi bayan kimanin mako biyu, a kuma haɗa da duk karnukan gidan. Maganin ƙuma da kaska ba ya cika sai an share makwanci, an ƙone tsumma, an liƙe tsagar katanga. Ƙazuwar saiwar gashi tana buƙatar abinci mai kyau da maganin tsutsar ciki tare da na ƙwaro, kuma magungunan da ke kwantar da ƙaiƙayi nan take, irin su deksametazon, ƙara mata ƙarfi suke yi domin suna danne garkuwar jiki. Hanyar rarrabe waɗannan ita ce likitan dabbobi ya kankari fata ya duba a madubi.

Mai kare kuwa da kalma ɗaya yake zuwa kasuwa, mai tireda ya ba shi allura ɗaya. Idan aka dace, a yaba maganin. Idan ba a dace ba, sai a ce jabu ne, a koma wa baƙin mai da fiya-fiya. Hausa ta ari sunayen magunguna cikin sauƙi, ta kuma ƙirƙiri asibitin dabbobi da malamin dabbobi da rigakafi, amma ba ta ƙara ko kalma ɗaya a sunayen cutar ba. Hatta ƙwayar cuta, wadda ake amfani da ita a rediyo da littattafan makaranta, ta haɗe ƙwaro da fumfuna da bakteriya a buhu ɗaya.

Ba sai an yi aro ba kafin a cike wannan giɓi, domin tsarin harɗaɗɗen suna na Hausa ya isa. Ana iya cewa ƙazuwa mai yaɗuwa ga ta farko, ƙazuwar saiwar gashi ga ta biyu, borin ƙuma ga ta uku, makeron kare ga ta biyar, sannan a keɓe ƙwaron ƙazuwa ga halittar da ido ba ya gani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye yana ɗauke da umarni a cikinsa: wannan a ware karen daga yara da sauran karnuka, wancan a gyara abinci, wancan a share makwanci. Amfanin bai tsaya ga kare ba, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwar ɗan Adam cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, kuma ma'aikacin lafiya yana buƙatar kalmar da zai bambanta wa uwa ƙurajen da ɗanta ya ɗauka daga kwikwiyo da waɗanda ya ɗauka daga abokin kwanansa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda garin Gombe ya tashi daga sabuwar hedkwatar masarauta a 1919 zuwa babban birnin jiha, da yadda cunkoson gari ya sauya rayuwar kare. An kuma ga cewa maganin ƙazuwa ya bi sawun tattalin arzikin garin: farar wutar fatake, baƙin man motocin auduga, maganin feshin gona, sannan allurar kasuwar shanu. A duk tsawon wannan lokaci kalmar ƙazuwa ba ta motsa ba. Ta wadatar a zamanin da magani ɗaya ne mai sauƙin illa, amma ta gaza a zamanin da magunguna suka yi yawa kuma suka yi kaifi. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Aikin da ya rage a kan masu tsara ƙamus da kwamitocin keɓaɓɓun kalmomi shi ne su zauna da likitocin dabbobi da maharba, a Gombe da sauran garuruwa, su daidaita waɗannan sunaye a Hausa da Fulfulde, sannan a shigar da su cikin shirye-shiryen rediyo na manoma da makiyaya da takardun da ake liƙawa a jikin kwalaben magani.